Yadda ake shirya ziyarar wuni guda zuwa Badagry da ƙauyukanta tare da ɗan jagora

Da yawa daga cikin Hausawan da ke zaune a Agege, Idi-Araba, Mile 12 da Obalende sun shekara goma ko ashirin a Legas ba su taɓa wuce Alaba Rago ta yamma ba, wanda kuwa ya wuce, galibi fataucin Seme ko Kwatano ne ya ratsa da shi ta Badagry, bai ko sauka daga mota ba. Alhali wuni guda ya ishi mutum ya ga gidajen tarihin garin, ya haye ruwa zuwa bakin teku, ya kuma shiga ƙauye ɗaya ko biyu na bayan gari, ya dawo ya kwana a ɗakinsa. Sharaɗin biyu ne: a fita da sassafe, kuma a tafi da jagora ɗan garin wanda aka gama magana da shi tun kafin ranar.

Abu na farko shi ne a yanke shawarar ɓangaren da za a nufa, domin garuruwan bakin ruwa na jihar Legas da ake zuwa yawon buɗe ido sun kasu gabas da yamma. A gabas akwai Epe, garin masunta mai babbar kasuwar kifi, inda Sarkin Ikko Kosoko ya yi gudun hijira bayan Turawan Ingila sun kore shi a 1851. A yamma kuma akwai Badagry, kusa da iyakar Jamhuriyar Benin. Wanda ya ce zai haɗa maka su a rana ɗaya, titi kawai zai nuna maka, saboda dukan birnin Legas da cunkosonsa suna tsakaninsu. Wannan bayani a kan Badagry yake, ita ce ta fi yawan abin gani a wuri ɗaya, ita ce kuma tarihinta ya fi shafar mu.

Sai zaɓen rana. Asabar ta fi dacewa, domin ranakun aiki gosulo yakan cinye safiyar, Juma'a kuma masallaci zai raba wunin biyu. Ta fuskar yanayi, daga Nuwamba zuwa Maris ne ruwan sama yake ɗaukewa. Daga Afrilu zuwa Yuli damina ce mai ƙarfi, musamman Yuni, sannan ruwan yakan ɗan lafa a Agusta ya dawo a Satumba da Oktoba. Ana iya zuwa da damina, amma hanyoyin ƙauye na ƙasa sukan cika da ruwa, hayewa a kwale-kwale da hadari a sama kuwa ba abin da za a yi da yara ba ne.

Neman jagora

Jagora iri biyu ne. Akwai kamfanonin yawon buɗe ido da ke cikin Legas, waɗanda suke tara mutane a mota ɗaya su karɓi kuɗi dunƙule, su ɗauki nauyin mota da kuɗin shiga da abinci. Akwai kuma 'yan garin da ke aiki a gidajen tarihin ko suke zaune a bakin ruwa suna jiran baƙi. Ga mutum ɗaya ko biyu, bin kamfani ya fi sauƙi. Ga iyali, ko ɗaliban Islamiyya, ko 'yan ƙungiyar kasuwa, ra'ayina shi ne ku ɗauki motarku ku nemi ɗan gari, domin ta haka ne lokacin salla da irin abincin da za ku ci za su zama a hannunku, ba a hannun wanda bai san buƙatarku ba. Hanyar samunsa mafi aminci ita ce ta bakin wanda ya taɓa zuwa, ko ta 'yan uwanmu Hausawa mazauna Badagry, waɗanda suka san wanda ya san gari da wanda bakinsa kawai yake da zaƙi.

Idan ka same shi, ka kira shi aƙalla mako guda kafin tafiya, ka yi masa tambayoyin da za su nuna maka ko ya isa. Ka tambaye shi ko yana jin harshen Ogu, wanda aka fi sani da Egun, domin shi ne harshen mafi yawan ƙauyukan, ko da yake Yarabanci ma yana tafiya ko'ina. Ka tambaye shi ƙauyen da zai kai ku da wanda ya sani a cikinsa, idan ya kasa ambatar gida ko mutum, to shi ma baƙo ne a can. Ka tambaye shi ko akwai wani biki na gargajiya a makon, musamman Oro, wanda idan ana yin sa a wasu garuruwan yankin ake hana mata da baƙi fita. Daga nan ku zo kan kuɗi, ku fayyace shi filla-filla: nawa ne ladansa, ko kuɗin shiga kowane gidan tarihi yana ciki, wa zai biya kuɗin fito zuwa da dawowa, wa zai ba da na goro a ƙauye. Ka sa ya rubuto maka wannan ta WhatsApp, ka ba shi kafin alƙalami kaɗan, ragowar sai an tashi. Farashi yana sauyawa da kuɗin mai, saboda haka abin da wani ya biya bara ba ma'auni ba ne.

In akwai dattawa ko mata da ba su jin Turanci sosai a cikin tafiyar, ku ware mutum ɗaya daga cikinku ya zama tafinta, ku kuma gaya wa jagoran tun farko ya riƙa tsayawa ana fassarawa. Jagororin nan sun saba zuba bayani a guje kamar karatun hadda.

Mota da guzuri

Ku ɗauki shatar bas, ku kuma yi magana da direban a kan cewa wuni za a yi, har da shiga hanyar ƙauye, kada a je can ya ce shi iyakarsa cikin gari. Ku duba tayoyinsa da safaya da takardun motar da idonku. Akwai shekarar da muka yarda da alƙawarin wani direba ba tare da mun sa ya kwana kusa ba, sai ƙarfe takwas da rabi ya iso, muka isa bakin ruwa rana ta take tsaka, rairayi ya yi zafin da tsofaffin cikinmu suka kasa ƙarasa tafiyar. Tun daga ranar, direba yakan kawo motar unguwa tun dare.

Kowane babba ya riƙe katin shaidarsa, na ɗan ƙasa ko na zaɓe ko lasin tuƙi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin hanyar ta iyaka ce, daga Agbara zuwa gaba akwai shingayen 'yan sanda da kwastam da jami'an shige da fice da sojoji, kuma mota cike da masu magana da Hausa takan jawo tambayar ko 'yan Najeriya ne ko baƙi daga maƙwabta. Wanda yake ɗan Nijar ne ya tafi da takardunsa cikakku. A riƙe tsabar kuɗi ƙanana, saboda mai kwale-kwale da mai sayar da kwakwa ba za su tsaya jiran tiransifa ba, sabis kuma yakan yi rauni a tsibirin Gberefu da za a haye. A ɗauki ruwan sha mai yawa, buta, darduma ko tabarma, hular rana ko laima, da maganin duk wanda yake shan magani. Babbar riga da takalmi mai tsini su zauna a gida. Mata su sa hijabin da za a iya tattare shi a hannu lokacin shiga jirgi.

Hanya

Ana sallame sallar asuba a tashi, kada a wuce ƙarfe shida. Mutanen Agege ba su da buƙatar shiga cikin gari, sai su bi ta Iyana Ipaja, Egbeda, Idimu da Igando, su faɗo babban titin Badagry a Iyana Iba, dab da jami'ar jihar Legas da ke Ojo. Na Idi-Araba da Mile 12 su bi ta Oshodi zuwa Mile 2, na Obalende kuma ta Orile. Wanda zai haɗu da tawaga a Mile 2 daga cikin tsibirin Ikko yana iya hawa jirgin ƙasa na Blue Line daga Marina, wanda ya fara ɗaukar fasinja a 2023, in ya tabbatar da lokacin tashinsa na safe. Daga Iyana Iba za a wuce Okokomaiko, Ijanikin, Agbara, sannan Ibereko, a shiga Badagry. An fara faɗaɗa wannan titi tun 2009, aikin ya ɗauki shekaru, shi ya sa tsawon tafiyar ya danganta da halin da hanya take ciki a watan. A yi lissafin awa biyu zuwa uku, a kuma tambayi direbobin da ke bin ta kullum kwana ɗaya kafin tafiya.

A shinge, mutum ɗaya ne zai yi magana, shi ne shugaban tafiya, cikin ladabi, ya ce ziyarar gidajen tarihi za a je. Kada kowa ya ɗaga waya yana ɗaukar jami'ai hoto.

Cikin gari, kafin rana ta yi zafi

Yawancin wuraren suna jere a unguwar bakin ruwa da ake kira Marina (ta Badagry, ba ta Ikko ba), ana iya zagaya su da ƙafa. Ka ce wa jagora ku fara da babban gidan tarihi na Badagry, wanda yake cikin tsohon ofishin Di'o da aka gina a 1863, shekarar da garin ya shiga hannun Ingila. Dalilin farawa da shi shi ne ya shimfiɗa labarin cinikin bayi daga farko zuwa ƙarshe, da hotuna da sarƙoƙi da taswirori, ta yadda abin da za a gani daga baya zai zauna a mazauninsa. Minti arba'in ya isa.

Daga nan sai gidan Seriki Williams Abass, inda na fi so a daɗe. Kurkukun bayi ne da aka gina a shekarun 1840, mai ƙananan ɗakuna arba'in, kuma masu kula da shi suna cewa akan cusa mutum arba'in a ɗaki guda su jira jirgi. Ku shiga ɗaya daga cikin ɗakunan ku biyar ko shida, a ja ƙofa na ɗan lokaci, ku dubi 'yar tagar da ke sama, wannan ya fi kowane bayani. Labarin mai gidan kansa abin tsayawa ne a saurara. Shi ma bawa ne tun yana yaro, sunayensa biyu na iyayen gijinsa ne, Abass wani Musulmi a ƙasar Dahomey, wato Jamhuriyar Benin ta yau, Williams kuma wani ɗan kasuwa da ya tafi da shi Burazil. Ya dawo ya shiga cinikin da aka yi da shi, ya yi dukiya, ya zama Sarkin Musulmin Badagry, ya rasu a 1919, kabarinsa yana cikin gidan. Yara za su yi tambaya a kan yadda Musulmi ya yi wannan sana'a, kuma ya kyautu babba ya shirya amsa ta gaskiya maimakon ya kawar da zancen.

A nan ne ya kamata shugaban tafiya ya ƙara abin da jagora ba lalle ya faɗa ba, wato cewa cikin waɗanda aka fitar ta tashoshin wannan gaɓa, daga Ikko zuwa Badagry da Porto-Novo da Wida, akwai Hausawa masu yawa, musamman a farkon ƙarni na 19 lokacin yaƙe-yaƙen jihadi da rushewar daular Oyo. An kai da yawansu Bahiya a Burazil, inda Hausawa suka shirya bore a 1807, suka kuma kasance cikin tarzomar da ta biyo baya, kafin babban boren bayi Musulmi na 1835 a birnin Salbado. Ingila ta haramta cinikin a 1807, sarakunan Badagry sun sa hannu a yarjejeniyar daina shi a 1852, Burazil kuwa ba ta soke bauta ba sai 1888. Akwai kuma wata alaƙar: daga Badagry ne Baturen nan Kilafatan, wato Hugh Clapperton, ya kama hanya a ƙarshen 1825 tare da baransa Richard Lander, ya bi ta Oyo da Kano zuwa wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya rasu a Sakkwato a 1827. Hanyar da ta kai shi arewa ita ce ta kawo fatakenmu da bayinmu kudu.

Gidan tarihin iyalin Mobee ƙarami ne, abin gani a cikinsa shi ne mari da sarƙoƙin wuya na asali, har akan bari baƙo ya ɗaga ya ji nauyinsu. Kasuwar bayi ta Vlekete kuma jagora zai ce maka an kafa ta a 1502. Ka saurara, amma ka sani masana tarihi sun fi danganta bunƙasar Badagry a matsayin tashar ciniki da shekarun 1730. Haka ma labarin cewa an musanya laima ɗaya da mutum arba'in, ruwaya ce ta baka da gidajen suke riƙe da ita. Ba wurin gardama ba ne, sai dai in akwai ɗalibai a tafiyar, a koya musu bambanta abin da aka rubuta da abin da aka ji daga kakanni.

Benen mishan da aka kammala a 1845, wanda ake kira bene na farko a Najeriya, yana nan kusa, kuma a cikinsa akwai ɗakin Samuel Ajayi Crowther, Bayaraben limamin Kirista da ya yi aikin fassarar Littafi Mai Tsarki, da tsohon Littafi Mai Tsarki na Yarabanci. Bakano ko Bakatsine zai yi murmushi da wannan suna, tunda hasumiyar Gobarau da sorayen Kano sun girme shi nesa ba kusa ba. Abin da ake nufi shi ne bene na farko irin ginin Turawa. Minti ashirin ya wadatar, haka ma wurin da itacen Agia ya tsaya, inda aka yi wa'azin Kirista a 1842, itacen ya faɗi a 1959 aka gina alama a gurbinsa.

Haye ruwa zuwa Gberefu

Ku yi ƙoƙari ku kasance a bakin ruwa kafin ƙarfe sha ɗaya. Fiton zuwa tsibirin Gberefu gajere ne, 'yan mintoci a jirgi mai inji, amma a nan ne haɗarin wunin yake. Kowa ya sa rigar kariya daga nutsewa, a ɗaure ta sosai, yara a nema musu daidai jikinsu, doka ce ta hukumar kula da hanyoyin ruwa ta jihar. Idan rigunan ba su kai yawanku ba, ku kasu sawu biyu. A shiga ɗaya bayan ɗaya, a zauna inda mai jirgi ya nuna, kada kowa ya miƙe don ɗaukar hoto. Ku karɓi lambar mai jirgin, kuma kada ku biya kuɗin dawowa sai ya dawo da ku.

Daga inda aka sauka zuwa bakin teku tafiyar ƙafa ce ta kusan rabin awa a kan rairayi, ita ce hanyar da bayi suka bi a ɗaure. A tsakiya akwai rijiyar da ake cewa ana shayar da su ruwanta don su manta gida. A duba, kada a sha. Wanda ba zai iya tafiyar ba, akan sami masu babur a tsibirin, jagora ya yi musu ciniki. A ƙarshen hanyar ne wurin da ake kira inda ba a dawowa, teku ta buɗe ba iyaka.

Gargaɗi ga wanda ya saba da kogi ko dam: tekun nan ba irinsu ba ce. Igiyar ruwan gaɓar Legas tana ja ta ƙasa, takan kwashe ƙafar mutum yana tsaye ruwa iya gwiwa, kuma babu tabbacin samun mai ceto a wurin. A tsaya inda kumfa take ƙarewa, a riƙe hannun yara. Ruwan teku mai tsarki ne, ana alwala da shi, amma a ɗebo a buta a koma tudu.

Azahar, abinci, sannan ƙauye

Ku dawo gari wajen ƙarfe ɗaya, ku yi azahar a ɗaya daga cikin masallatan garin, waɗanda ba su da wuyar samu. Abinci ko dai ku taho da shi a kula daga gida, ko jagora ya yi muku odar kifi da teba ko shinkafa tun da safe a wurin da kuka yarda da shi. Wanda jatan lande ko ƙaguwa ba su karɓe shi ba ya faɗa, domin suna shiga miyar yankin sosai. Kada cin abinci ya wuce minti arba'in.

Ƙauye ɗaya ya fi uku da za a ratsa a guje. Ajido da Iworo suna gefen ruwa ta gabashin gari, ana shiga ta Aradagun, Topo kuma tana da tsohuwar gonar kwakwa da mishan Katolika suka kafa a ƙarni na 19. Ka bar jagora ya zaɓi inda yake da mutane. Da isarku, a fara da gaisuwa wurin Baale, wato mai garin, ko wani dattijo da ke madadinsa. Shugaban tafiya da jagora su shiga gaba, a rusuna, a kira shi Baba, a faɗi daga inda aka zo da abin da ya kawo ku, a miƙa ɗan abin da aka tanada ta hannun jagora. Ko da gaisuwar Yarabanci ɗaya ka iya, irin su e kaasan da rana da e se wurin godiya, ka yi ta, tana buɗe fuska. Matan da ke aiki a kira su Mama ko Iya.

Abin kallo a ƙauyukan nan sana'a ce: yadda ake ɓare kwakwa a kan tsinin ƙarfe a fitar da manta, yadda ake jiƙa rogo a matse a soya garin kwaki, yadda ake banda kifi, da yadda masunta suke gyaran koma da taru a inuwa. Ku nemi izini kafin ɗaukar hoton kowa, ku kuma sayi wani abu daga hannun wadda kuka tsayar da aikinta, wannan ya fi ba ta kyauta daraja. Inda kuka ga an gitta ɗanyen ganyen kwakwar manja ko farin ƙyalle a bakin hanya ko jikin itace, wurin bautarsu ne, ba a shiga. Za ku iya cin karo da Zangbeto, dodon gargajiya na Ogu mai kama da tarin ciyawa, wanda a al'adarsu shi ne mai gadin dare. A ba shi hanya, a hana yara dariya ko nuni, ba a kuma tsayawa yin wa'azi a garin da aka zo baƙunta. Manyan gangunan Sato, waɗanda suka fi mutum tsawo, ba kullum ake kaɗa su ba, wanda yake son gani sai ya sa jagora ya shirya tun kafin ranar, da kuɗinsa daban.

Dawowa

A yi la'asar a ƙauyen ko a bakin hanya, a sallami jagora da ragowar kuɗinsa da ɗan ihsani in ya kyauta, a ƙirga mutane da suna, ba da ido ba, sannan a kama hanya kafin ƙarfe biyar. Tsaraba ta tsaya a kwakwa, man kwakwa, garin kwaki da bandar kifi. Kada kowa ya yarda araha ta ja shi ya sayi buhun shinkafa 'yar waje ko daskararrun kaji da talo-talo, domin shigo da su ta iyakar ƙasa haramun ne, kuma buhu ɗaya a but ya isa kwastam su tsare motar gaba ɗaya har dare. Shugaban tafiya ya leƙa but da kansa kafin a tashi. Cunkoson yamma yakan fara daga Agbara ya yi tsanani a Okokomaiko da Iyana Iba, saboda haka a tanadi ruwa da abin taɓawa na yara, a kuma yanke tun a mota masallacin da za a tsaya yin magariba, ko a Alaba Rago ko bayan an karya ta hanyar Igando.